Sunayen dodannin Pokémon: sharhi ta fuskar ƙirar kalma

A shekarar 1996 ne kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Pokémon a Japan, kan na'urar Game Boy. Satoshi Tajiri ne ya ƙago shi. Wasan ya isa Amurka a 1998, Faransa kuma a 1999. Masu suka sun fi maida hankali kan faɗan da dodanni ke yi, ko kan katunan wasan, waɗanda Saudiyya ta haramta a 2001 bisa dalilai da suka haɗa da zargin caca. A ganinmu, ƙarfin wasan yana cikin sunaye ne. An ba yaro jerin halittu 151, kowace da sunanta, jinsinta da yadda take rikiɗa, aka ce ya tattara su duka. Wato ƙamus ne aka mayar abin wasa.

Mu ɗauki Pikachu. An gina shi da amsa-kama biyu na Japananci: "pika" na walƙiya, da "chu" na kukan ɓera. Bahaushe, mai cewa "fari fat" ko "ja wur", ba baƙo ba ne ga wannan dabara. An bar sunan yadda yake a kowane harshe. Amma galibin sauran, Julien Bardakoff ya sake musu suna da Faransanci ta hanyar curin kalmomi biyu (mot-valise): Hitokage ya koma Salamèche (salamandre da mèche), Zenigame ya koma Carapuce (carapace da puce), Fushigidane ya koma Bulbizarre (bulbe da bizarre). A Spaniya da Italiya kuwa sunayen Ingilishi aka riƙe. Aikin na Faransanci ya cancanci yabo, domin sunan yana bayyana siffa, yana kuma ba da dariya.

Sai dai akwai abin dubawa. Harɗaɗɗun sunayen Hausa irin su "dafa-duka", "hana-salla" ko "faɗi-ka-mutu" daga bakin jama'a suka fito, kuma kowa na iya ƙara nasa. Ƙamusun Pokémon rufaffe ne, mallakar kamfani. Yaro yana haddacewa, ba ya raɗawa. Haka kuma an raba dodannin tsakanin kaset biyu, ta yadda mai guda ɗaya ba zai cika jerinsa ba sai ya yi musaya ko an sake saye. Yanzu adadin ya haura 1000. Tajiri da kansa ƙwari yake kamawa yana ƙarami, kuma waɗannan ba a sayen su.

Darasin ya shafi masu ƙirƙiro kalmomin koyarwa cikin harsunan ƙasa. Yaro ba ya gudun yawan sunaye idan gajeru ne, masu hoto da raha, kuma an tsara su dangi-dangi. Kalmar da ta zama dogon bayani kan tsaya a takarda, ɗalibi ya koma ga ta Faransanci. Ya kamata a ari dabarar, a bar wa ƴan makaranta damar raɗa suna da kansu.