Hasken Aro: Nazari a Kan Haska Ɗaki a Zanen Kwamfuta

Jera kujeru da shimfiɗa kafet a manhaja irin su Blender ko 3ds Max ba shi ne ke cin ran mai zane ba. Aikin yana fara tauri ne idan aka zo haska ɗakin. A fili, rana na dukan komai kai tsaye. A cikin ɗaki kuwa, taga ɗaya ko biyu ce mashigar haske, kuma galibin abin da ido ke gani hasken aro ne: ya faɗi a daɓe, ya tashi ya bugi bango, ya haye silin, sannan ya sauko ya leƙa ƙarƙashin tebur.

Tsofaffin manhajoji ba su iya bin wannan yawo ba, shi ya sa ɗakunansu ke fita da inuwa baƙa ƙirin ko kuma fayau ba zurfi. A 1984, Cindy Goral da abokan aikinta a Jami'ar Cornell ta Amurka suka gwada lissafinsu da wani akwati mai bango ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Abin da suka nuna shi ne yadda jan bango ke ɗiga launinsa a kan farin da ke kusa da shi. Bayan shekara biyu, James Kajiya ya fito da lissafin da injinan haska zane na yau irin su Cycles da Corona suka ginu a kai: a harba ɗimbin zaren haske daga kyamara, kowanne ya yi ta karo da abubuwa har ya dace da fitila ko taga.

A nan matsalar ɗaki take. Idan tagar ƙarama ce, yawancin zaren ɓacewa suke yi, sai hoton ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Masu sana'ar na da dabarunsu. Wani ya sa alama a bakin taga don ya nuna wa injin inda haske ke shigowa, wani ya ƙara yawan zaren ya bar kwamfuta ta kwana tana aiki, wani ya miƙa hoton ga manhajar da ke share tsakin. Ta ƙarshen nan tana da sauri, amma sau da yawa takan haɗa da saƙar labule da jijiyar katako ta goge. Gwani kuma ba ya ba bango fari tas, domin fentin gaske ba ya mayar da duk hasken da ya same shi. Yakan kuma bambanta ƙwan lantarki mai ɗumi, wajen Kelbin 2700 a ma'aunin launin haske, da hasken rana mai kusan 6500, don haɗuwar ruwan ɗorawa da shuɗi-shuɗi ce ke sa ido ya yarda.

Inda nake da ja da sana'ar shi ne ɗanɗanonta. Tun da kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya koma haɗa yawancin hotunan kayansa a kwamfuta, ɗaki guda ya mamaye fagen: farin bango, katako mai haske, babbar taga, da lallausar ranar arewacin Turai. Ana ɓoye fitilun da babu su a kowane lungu don kada kusurwa ta yi duhu. Ana nuna lambun waje da cikin ɗaki duka tangaran, alhali kyamarar gaske sai ta sadaukar da ɗaya.

Wannan ya biyo masu zanen gidaje har Kano da Abuja. Ana nuna wa mai gida falo mai gilashi daga sama har ƙasa, ya biya kuɗi yana murna, ba wanda ya saita ranar manhajar a kan ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu a garinsa, duk da cewa manhajar na karɓar wuri da kwanan wata da sa'a. Ranar da ya tare, labule mai kauri zai fara saya.