Kunne da Matani: Waƙar "Louie Louie" da Matsalar Jin Abin da Ba a Faɗa Ba

Manazarta waƙa sun saba ɗaukar cewa matani yana nan a ajiye, aikin mai tarke kawai shi ne ya fito da jigo da salo. Wannan maƙala za ta duba wata waƙar rok ta Amurka wadda ta nuna raunin wannan zato, domin a kanta an yi shekara da shekaru ana gardamar ma'ana alhali ba a daidaita a kan kalmomin ba.

Richard Berry ne ya tsara "Louie Louie", ta fito a faifai a 1957. Labarinta ba shi da wuya: wani ma'aikacin jirgin ruwa ne yake faɗa wa abokin hirarsa begen budurwarsa da ɗokin komawa Jamaika. Berry ya kwaikwayi Ingilishin mutanen Jamaika, amma lafazinsa a fili yake. A watan Afrilu na 1963 wasu samari masu suna Kingsmen suka sake rera ta a birnin Portland. Makirufon da mawaƙinsu Jack Ely ya yi amfani da shi an rataye shi ne can sama, sai da ya ɗaga kai yana ihu don ya rinjayi jita da ganga, ga kuma wayar gyaran haƙori a bakinsa. Sakamakon haka baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka zube, iyakokin kalmomi suka narke, abin da ya saura shi ne wasula da kari. Duk da haka faifan ya kai matsayi na 2 a jerin Billboard.

A nan ne batun ya shafi ilimin harshe. Kunne ba ya barin gurbi a buɗe. Idan sauti ya gaza, mai sauraro yakan cike da abin da yake tsammani. Sylvia Wright ta raɗa wa irin wannan kuskuren ji suna mondegreen a mujallar Harper's a 1954, bayan ta ba da labarin yadda tun tana yarinya ta ji ƙarshen wani baiti na tsohuwar waƙar Sikotilan a matsayin sunan mace, har ta ƙago wata baiwar Allah da ba ta cikin waƙar. Nata kuskuren na mutum ɗaya ne. Na "Louie Louie" kuwa na jama'a ne, kuma a rubuce ya yaɗu. 'Yan makaranta suka riƙa miƙa wa juna takardu ɗauke da baitocin batsa, wai su ne ainihin kalmomin. Wanda duk ya karanta takardar kafin ya saurari faifan sai ya ji batsar raɗau. Ke nan ido ne ya riga kunne, takarda ta zama matani, faifai ya koma shaida.

Hukuma ma ta bi sahu. A farkon 1964 gwamnan jihar Indiana, Matthew Welsh, ya nemi gidajen rediyo su daina sa waƙar. Iyaye suka kai ƙara har ga babban lauyan gwamnati Robert Kennedy, hukumar FBI ta buɗe bincike wanda ya wuce shekara guda. Ma'aikatanta sun juya faifan da sauri, sun juya shi a hankali, daga bisani suka ce ba a iya tantance kalmomin. Ba a gurfanar da kowa ba. Abin mamaki, ba su tambayi Ely abin da ya rera ba.

Mai tarke zai yi kuskure idan ya ɗauki ruɗewar lafazin a matsayin aibi kawai. A bakin Berry labari ne yake jan waƙar. A bakin Ely murya ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, kuma wannan ne ya ba faifan ƙarfinsa. Saboda haka wanda ya ɗora sharhin faifan 1963 a kan rubutun Berry ya yi sharhin wata waƙa daban, kamar yadda mai riƙe da takardar batsa ya yi. Matsalar ba baƙuwa ba ce ga masu juyar waƙoƙin Narambaɗa ko Shata daga tsofaffin kaset zuwa takarda, inda kotso ko kalangu da amshi kan danne tsawon wasali da karin sauti, alhali tsawon wasali ne kaɗai ya raba gari na zama da gari na tuwo. Abin da mai juya ya rubuta shi ɗalibai za su riƙa ji daga baya.

Akwai dai ashar guda ɗaya a faifan Kingsmen. Wajen daƙiƙa ta 54 sandar kiɗa ta kuɓuce wa mai ganga, Lynn Easton, ya yi zagi, makirufo ya ɗauka. Ba ta cikin takardun da aka kai wa FBI, rahoton hukumar kuwa bai ambace ta ba.