Masu jan biro a ajin Turanci

Malamin Turanci a sakandare ba ya tashi daga aiki idan an kaɗa ƙararrawar tashi. Yakan tafi gida da tarin littattafan insha'i, ya bi kowanne layi-layi da jan biro, ya gyara kalma, ya daidaita jimla, wani lokaci ya rubuta wa ɗalibi 'yar kalmar ƙarfafa gwiwa a gefe. A makarantun gwamnati masu cunkoso, wannan aiki kaɗai yakan cinye daren mutum.

Nauyin kuwa ba ƙarami ba ne. A Najeriya, ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, a jarrabawar WAEC ko NECO. Dole ɗalibi ya iya rubuta insha'i mai kalmomi 450, ya taƙaita dogon rubutu, ya kuma bambance sautuka. Shi ya sa malami kan shafe makonni yana raba wa ɗan Bahaushe "p" da "f", ba tare da ya kunyata shi a gaban aji ba.

Ajin adabi ya fi armashi. Malama kan raba wa ɗalibai rawar Sidi da Lakunle da Baroka daga wasan Wole Soyinka, The Lion and the Jewel, su tashi su taka, sannan a ɓarke da muhawara kan sadaki da zamani. Inda littafi ya yi ƙaranci, da hannunta take kwafe darasin a allo, kuma sau da yawa daga aljihunta ake biyan kuɗin fotokwafi.