Jinjina ga Masu Gyaran Ɗaki a Otal

Otal ɗin Transcorp Hilton da ke Maitama a Abuja, wanda aka buɗe a 1987, yana da ɗakuna sama da 600. Baƙo kan yaba laushin katifa da na'urar sanyaya ɗaki, ya manta da hannun da ya kimtsa wurin. Masu gyaran ɗaki ne ke canja zanen gado, su wanke banɗaki, su ajiye tawul da sabulu kafin sabon baƙo ya iso. Sukan tarar da kuɗi da waya a kan tebur, su gama aiki ba su taɓa komai ba. Riƙon amana ke nan. In ka sauka a otal, ka gaishe su, ka ba su tukuici.