Katin Sulalla Takwas: Ina Labarin Yaron Shago A Finafinanmu?

Mai karatu, na san da jin sunan kartar tarot wani zai ce a'uzubillahi, ya buɗe shafi na gaba. Yana da hujja, domin da ita bokayen Turai ke duba, kuma matsayin duba a addininmu ba ɓoyayye ba ne. To ka kwantar da hankalinka, ba gaibu za mu karanta ba. Hoto guda za mu kalla, kamar yadda muke kallon fostar fim mu fahimci inda labarin ya dosa. Dalili kuwa, hoton na ɗauke da wani labari da finafinanmu da littattafanmu suka daɗe suna tsallakewa.

Asalin wannan karta wasa ne. A arewacin Italiya aka fara buga ta cikin ƙarni na 15, a fadojin birane irin su Milan da Ferrara. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 wasu Faransawa suka mayar da ita kayan duba. Katunan 78 ne, 22 manya, 56 ƙanana, ƙananan kuma gida huɗu: sanduna, kofuna, takubba da sulalla. Wadda ta fi shahara ita ce wadda aka buga a Landan a 1909, wadda wata mata, Pamela Colman Smith, ta zana bisa tsarin Arthur Edward Waite. Wanda ya kalli fim ɗin James Bond na 1973, Live and Let Die, zai tuna yarinyar nan Solitaire da ke shimfiɗa wa maigidanta katunan tarot.

A cikin kartar 1909 akwai katin da ake kira Sulalla Takwas. Wani mutum ne zaune a kan benci, ya ɗaura walki, guduma a hannu ɗaya, ƙarfen sassaƙa a ɗayan, yana zana tauraro mai tsini biyar a jikin sule. Waɗanda ya gama ya jera su a jikin gungume, ɗaya na ƙasa kusa da ƙafarsa. Can nesa a bayansa ga gari, ɗan mitsitsi. Masu fassarar katin sun ce yana nufin aiki, koyon sana'a da naci. In kuma ya fito a kife, sai su ce kwaɗayi ne da aikin ha'inci.

Ka lura da abu uku. Na farko, kansa a sunkuye yake, bai san ana kallon sa ba. Na biyu, abu ɗaya yake maimaitawa, na takwas kamar na farko. Na uku, ya juya wa gari baya, da kasuwarsa da bikinsa da 'yan matansa. Mai zanen ta ɗauko lokacin da ya fi kowane gundura a rayuwar mai sana'a, ta ce ga abin kallo.

Yanzu ka tuno finafinan Hausa goma na ƙarshe da ka kalla. A guda nawa ka ga jarumi yana aiki? Galibi za a nuna shi a ofis, ya juya kujera, ya sa hannu a fayil ɗaya, ya ce wa sakatariya "a soke mitin ɗin yau," ya ɗauki mukullin mota ya nufi zance. Wane kamfani ne, me ake sayarwa, oho. In talaka ne, hanyar arzikinsa sananniya ce: ko a gano ɗan wani attajiri ne da ya ɓata tun yana jariri, ko 'yar mai kuɗi ta so shi, ko ya je wurin boka. Tun zamanin Sangaya, inda 'yar aiki ta samu mafita a soyayyar yarima, ba mu matsa sosai daga nan ba. Littattafan soyayya ma haka: shafi uku na kwatanta falo da labule, layi ɗaya na cewa "ya gama digirinsa a Landan ya dawo." Mai sana'ar hannu kuwa in ya fito, yawanci don a yi dariya ne. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sa mu dariya da irin waɗannan fitowa, Allah ya jiƙansa, to amma dariyar ce ta zama kusan duk rabon mai sana'a a fim. A yaba wa shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da ya shigo da talakan gari da neman abincinsa, sai dai ɗaya ne cikin dubu.

Furodusa zai ce maka ai 'yan kallo ba sa son ganin wahala, sun bar ta a gida. Wannan magana ba ta riƙe ruwa. Mu ɗin nan ne muka haddace finafinan Cina, kuma me ke cikinsu in ba koyo ba? A The 36th Chamber of Shaolin na 1978, tsakiyar fim ɗin kaf horo ne: Gordon Liu na ɗaukar bokitan ruwa da wuƙaƙe ɗaure a damatsansa, yana buga ƙararrawa da doguwar gora har hannu ya sage. A The Karate Kid na 1984, tsoho Miyagi ya sa yaro goge motoci da fentin shinge kwana da kwanaki kafin ya gane faɗan ake koya masa. Ba wanda ya tashi ya fita. Faɗan ƙarshe ya yi daɗi ne saboda mun ga abin da aka biya kafin a kai can.

Sai dai katin ma yana da nasa giɓin. Mutumin shi kaɗai ne. Ba maigida, ba sauran yara, ba mai kawo aiki yana masifa. A wurinmu ba a koyon sana'a haka. Ka bi titunan Mabera a nan Sakkwato da hantsi, ka dubi garejin kanikawa, rumfar masu walda, shagon tela da na masu gyaran waya. Ko'ina akwai oga, akwai babban yaro, akwai ƙaramin da aikinsa miƙo sifana da sayo abinci. Uba ne ya kamo hannunsa ya kawo shi, ya ce "ga amana." Zai yi wata da watanni yana wanke ƙarfe da fetur, ko yana sa maɓalli, kafin a bar shi ya taɓa inji ko almakashi. Ranar da aka yaye shi, aka yi addu'a, ranar ce ya zama mutum.

Ka gaya mini nan babu labari? Ga ogan da ya riƙe yaro shekaru ya ƙi yaye shi don kada ya kwashe masa kwastomomi. Ga yaron da ya fi ogansa hannu, yana tsakanin biyayya da zuciya. Ga wanda ya gudu bai gama ba, ya koma kabu-kabu don kuɗin yau, ga abokinsa da ya daure. Ga budurwar da iyayenta suka ce ba za su ba mai baƙin mai a riga ba. Soyayyar da furodusa ke nema tana nan, kishi na nan, cin amana na nan, kuma ba sai an yi hayar gidan bene ba.

Abin takaicin shi ne ƙasar Sakkwato ta san wannan tun fil azal. Fatar jar akuyarmu ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, kuma majema da dukawan da suka gyara ta a gaban iyayensu suka koya. Sunan Maƙera Assada kaɗai ya isa shaida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, bai wayi gari da turu a gabansa ba. Ya yi amshi a bayan mahaifinsa, ya yi a bayan yayansa Abdu Kurna, kafin ya ja nasa ayarin. Wa ya taɓa yi mana fim ɗin waɗannan shekaru na amshi?

Ina zargin dalilin a cikin gida yake. Industirin da yaro zai riƙe fitila a lokeshin biyu, a na uku ya buga kati da sunan darakta, da wuya ta ga darajar koyo har ta ba da labarinsa. Mai rubuta littafi cikin sati biyu ba zai je gareji ya zauna ya ji yadda kanikawa ke magana ba. Katin ne a kife: a samu sulallan ba tare da an zauna kan bencin ba. Abin da ke tafe da shi kuwa ba ƙarami ba ne, domin yaran shagon nan su ne ke kallon finafinan da daddare a wayoyinsu. Kullum muna nuna musu cewa wanda ya yi sa'a shi ne jarumi, wanda ya sunkuya yana aiki kuwa ɗan rakiya ne.

Don haka ga shawara ga marubuta da daraktocinmu. Kafin labari na gaba, a samu shago ɗaya a yi sati ana zama, a nemi izinin oga, a saurara. A bar kyamara ta tsaya a kan hannun da ke aiki ko da minti ɗaya ne. Kai kuma mai karatu, in an saki sabon fim, ka tambayi kanka: shin wannan jarumin, da me yake ci? Da koyo akan iya, in ji Hausawa. Allah ya ba mu masu koyon.