Farautar Ƙwayar Bakkale a Cikin Kwalba

A Ajilari, kamar sauran unguwannin Maiduguri, zazzaɓin da ya ƙi jin magani sunansa biyu ne: maleriya ko taifot. Amma mahaucin da ke wuni a mayanka, da makiyayin da ya sa hannu ya ciro mabiyiyar saniyar da ta yi ɓari, da mai shan madarar da ba a tafasa ba, akwai cuta ta uku da ke bibiyarsu. Fulani suna ce mata bakkale, likitoci kuma burusela. Zazzaɓinta ya tafi ya dawo, ga zufar dare, ga ciwon gaɓoɓi. Tun 1887 David Bruce ya gano ƙwayarta a tsibirin Malta, amma har yau kama ta a jini sai gwani.

Daga fata aikin yake farawa. Ma'aikacin ɗakin gwaji zai goge hannun majiyyaci da sifirit da aidin, ya jira wurin ya bushe, domin ƙwayoyin da ke kan fata sun fi burusela saurin yaɗo. Ɗaya ta faɗa kwalba, ta mamaye. Sai ya ɗebi jini wajen mililita 10, ya zuba cikin romon da aka haɗa don ciyar da ƙwayoyin cuta.

Kwalbar da Ruiz Castañeda, mutumin Meziko, ya ƙirƙiro a 1947 ita ta fi burge ni. Romo a ƙasa, daskararren abinci da ake kira aga manne a gefe guda. A ajiye ta a akwatin ɗumi mai digiri 37. Duk bayan kwana biyu sai ma'aikaci ya karkata ta a hankali har romon ya wanke fuskar agar, ya miƙar da ita, ya mayar. Ba ya buɗe murfi. Ɗaga ta yake yi wajen haske yana neman ɗigo-ɗigo ƙanana masu sheƙi.

A nan ake gane mai aiki da mai jiran tashi. Yawancin ƙwayoyi kwana ɗaya ko biyu sun bayyana; burusela kan ɗauki mako guda, wani lokaci har huɗu. Mai gaggawa ya ga kwalba garau a rana ta biyar, ya rubuta "babu komai", ya zubar. Na'urori irin BACTEC sun rage jiran zuwa kusan mako ɗaya, sai dai suna son wutar da ba ta ɗaukewa.

In ɗigon ya fito, sai a shafa shi a gilashi, a rina, a duba a madubin ƙara girma. Ƙwayoyin ƙanana ne ƙwarai, ja-ja mai dusashewa, kamar an watsa rairayi mai laushi. A gwajin yuriya kuwa ba su da nawa: cikin 'yan sa'o'i, wani lokaci mintuna, sun mayar da launin abincin ruwan hoda. Duk wannan a cikin akwatin kariya mai zuƙe iska ake yin sa, da safar hannu, kuma ba a sunsunar farantin da ƙwayoyin suka tsiro a kai, domin burusela tana sahun gaba cikin cututtukan da ke kama ma'aikatan gwaji.

Sakamakon haƙurin shi ne magani na daidai: doksisaikilin da rifamfisin har mako shida. Don haka in zazzaɓi ya daɗe ka je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ko wani babban asibiti, faɗa wa likita cewa da dabbobi kake sana'a, kuma kada ka sha kafso kafin a ɗebi jininka.