Kwalin kaset da abin da ajin aikin jarida ba ya koyarwa

Littafin Brian Larkin mai suna Signal and Noise ya fito a 2008, kuma har yau ban ga wanda ya kai shi bayanin yadda rediyo da silima da bidiyo suka zauna a Kano ba. Marubucin masanin nazarin al'umma ne da ke koyarwa a Amurka. Abin da ya sa na ɗauko littafin shi ne ya yi aikin da jami'o'inmu suka raba gida biyu: masu koyon aikin jarida a wannan gini, masu nazarin zamantakewa a wancan, kowa da malamansa.

Dubi yadda ya bi tarihin silima. Ɗalibin aikin jarida zai haddace cewa an buɗe Rex a 1937, ya amsa jarrabawa, shi ke nan. Larkin kuwa tambaya ya yi: a ina aka gina ta? A wajen ganuwa, ɓangaren baƙi da mashaya da gidajen rawa. Tun kafin a haska fim ko ɗaya, wurin ya riga ya shafa wa silima baƙin jini. Da gobara ta tashi a El Duniya a 1951 ta ci rayuka sama da 300, mutane da yawa suka ɗauke ta a matsayin azaba. Wanda bai san wannan ba zai yi ta mamakin dalilin da ya sa har gobe ake kallon ɗan fim da wutsiyar ido, ya ɗauka laifin rawa da waƙa ne kawai.

Babin da ya fi burge ni, wataƙila don sana'ata rubuta manhaja ce, shi ne na kasuwar Ƙofar Wambai. Injinan da ake kwafar finafinan Indiya da na Amurka ba bisa ƙa'ida ba, su ne suka zama hanyar rarraba finafinan Hausa. A wancan lokacin, mai shirya fim ba kaset yake sayarwa ba. Kwali yake bugawa, ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi fim ɗin su zuba a ciki. Wato haƙƙin mallaka a jikin kwali yake. Mu ma haka muke yi da lambar buɗe manhaja: kowa na iya kwafar kayan, mabuɗin ake biya. Babu dokar da ta tsara wannan. Amana da bashi da sanayya tsakanin 'yan kasuwa ne suka riƙe shi. Malamin kyamara ba zai hango wannan ba, malamin zamantakewar da bai taɓa tambayar yadda ake kwafar kaset ba shi ma haka.

Littafin yana da nasa rauni. Turancinsa na da nauyi, wani wurin sai ya bar Kano ya shiga jayayya da masanan Turai har mai karatu ya ƙosa. Muryar matan da ke kallon kasakasan nan a cikin gida, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwar, ba ta fito yadda ya kamata ba. Sannan ya tsaya kafin zuwan babbar waya.

To wa zai ɗora? A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta sanar da karkasa digirin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, ciki har da talla da hulɗa da jama'a da fim. Ƙwarewa za ta ƙaru, ban musa ba. Amma tsorona shi ne a ƙara nisanta ɗalibi daga tambayar wa ke kallo, da kuɗin wa, a wayar wa.

Ga shi kuwa tambayoyin sun yi yawa. Marubuciya a yau tana sakin shafukan farko na littafinta kyauta a WhatsApp, ta tsaya daidai inda labari ya yi zafi, ta ce sai an biya a shiga rukuni. Wannan tsari shi ke yanke tsawon babi, shi ke sa kishiya ta faɗo a shafin da kyauta ta ƙare. Masu sharhinmu kuwa abu ɗaya suke aunawa: labarin ya gyara tarbiyya ko ya ɓata ta. Ban ga mai tambayar dalilin da ya sa babin ƙarshe na kyauta ya fi duk na kuɗin da ke biye da shi armashi ba.